Sayen gida a Najeriya: Abubuwan da ido ba ya gani ranar da aka je duba gida

Duk wanda ya taɓa bin dillali neman gidan saye ya san yadda ranar take kasancewa. Ana buɗe get, ido sai ya tafi kan tayil da silin da sabon fenti, a ƙirga ɗakuna, a leƙa banɗaki, a tambayi ko akwai rijiya. Kafin a fito, dillali ya riga ya sanar da kai cewa akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe, don haka gara ka ba da kafin alƙalami yau.

A irin wannan gaggawa ce mutane da yawa suke zuba kuɗin da suka shafe shekara goma ko ashirin suna tarawa, wasu kuɗin sallama daga aiki, wasu kuɗin gado. Amma abubuwan da suka faru a Kano da Abuja da Maiduguri daga 2023 zuwa yau sun nuna cewa abin da ke raba mutum da gidansa ba kasafai yake bayyana a ranar dubawa ba. Yana cikin fayil a ofishin filaye, ko a tarihin filin, ko a hanyar da ruwa yake bi a watan Agusta.

Me ya sa kuskure ya fi tsada yanzu?

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da kuma sakin naira ta nema wa kanta daraja a watan da ya biyo baya, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. Buhun siminti da ake saya kusan naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024. Rodi da kwanon rufi da fenti duk sun bi sahu. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne.

Wannan ya sauya lissafin mai neman muhalli. A da, ma'aikaci ko ɗan kasuwa kan sayi fuloti ya riƙa ɗora bulo a hankali har ya gama. Yanzu da yawa suna ganin gara su sayi ginanne, ko da tsoho ne, saboda an gina shi da simintin da aka saya da araha. Masu haya kuma kuɗin haya na korar su zuwa bayan gari, inda filaye da gidaje suka fi sauƙi, kuma inda takardu suka fi rauni.

Ga shi bashin banki ba na kowa ba ne. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, abin da ya sa bankunan kasuwanci suka riƙa ba da bashi a kan abin da ya zarce haka. Saboda haka yawancin masu sayen gida a Arewa da tsabar kuɗinsu suke saya, babu banki a tsakani da zai tilasta a binciki takardu. Idan aka yi kuskure, mai saye ne kaɗai zai ɗauki asarar, kuma da wuya ya sake tara irin wannan kuɗi.

Abin da doka ta ce kana saya

Mutane da dama suna ɗauka cewa da zarar sun biya kuɗi an rubuta takardar ciniki, ƙasar ta zama tasu har abada. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa kuma aka sanya ta cikin kundin tsarin mulki, ba haka ta ce ba. Sashe na 1 ya damƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O yawanci ta shekara 99 ce.

Sashe na 22 ya ce wanda ke riƙe da irin wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Kotun Ƙoli ta jaddada muhimmancin wannan amincewa tun a 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. Ma'ana, idan ka sayi gida mai satifiket ka ajiye takardun a durowa ba ka je an sauya suna ba, a idon ofishin filaye gidan yana nan da sunan wanda ya sayar maka. Idan ya rasu, ko ya ci bashi da kwafin takardun, ko ya sake sayar wa wani, kai ne za ka shiga wahalar kafa hujja.

Sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke haƙƙin idan buƙatar jama'a ta taso, kamar titi ko makaranta, ko idan mai riƙe da shi ya karya sharuɗɗa. Diyyar da doka ta tanada ta ginin da aka yi a kai ce da amfanin da ke wurin, ba farashin filin a kasuwa ba.

Darasin rusau a Kano

A farkon watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fara rushe gine-ginen da aka yi a filayen da gwamnatinsa ta ce na jama'a ne, kuma gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sayar ba bisa ƙa'ida ba. Rusau ɗin ya shafi filin sukuwa da tsohon otal ɗin Daula da sansanin alhazai da shagunan filin Idi.

Abin lura a nan shi ne da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa suna riƙe da takardun da hukuma ta ba su. Masu shagunan filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya a Kano, kuma a watan Satumbar 2023 ta umarci gwamnati ta biya su diyyar naira biliyan 30. Daga baya ɓangarorin suka daidaita a kan biliyan 3. Ko da mutum ya yi nasara a kotu, an riga an rushe ginin, kuma abin da ya karɓa kashi ɗaya ne cikin goma na abin da aka yanke.

Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya a wannan taƙaddama, darasin mai saye ɗaya ne: bayan tambayar ko akwai takarda, a tambayi mene ne wannan wuri kafin a yanka shi. Idan harabar makaranta ce, ko gefen maƙabarta, ko jikin badala, ko filin wasa, ko wurin da aka ware don asibiti, to takardar da wata gwamnati ta bayar wata na iya zuwa ta ƙi amincewa da ita. Tsofaffin mazauna unguwa sun fi kowa sanin wannan tarihi, kuma tambayarsu ba ta cin ko sisi.

Abuja: harajin ƙasa da takardun ƙananan hukumomi

A babban birnin tarayya matsalar ta zo da wata fuska. Bayan zamansa minista a watan Agustan 2023, Nyesom Wike ya soke filaye 165 a watan Satumba saboda masu su ba su gina ba. A watan Maris na 2025 kuma hukumar birnin ta sanar da soke takardun mallaka 4,794 saboda an shafe sama da shekara goma ba a biya harajin ƙasa ba.

Wannan haraji yana bin filin ne, ko a hannun wa yake. Wanda ya sayi gida bai tambayi rasit ɗin biyan harajin ƙasa ba, ya sayi bashin tare da ginin.

Akwai kuma batun takardun da ƙananan hukumomin Abuja suka raba a wurare irin su Bwari da Kuje da Gwagwalada. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa ƙasar babban birnin tarayya ta gwamnatin tarayya ce, kuma minista ne ke da ikon rabawa. Don haka takardar ƙaramar hukuma, ko ta wani basarake, ba ta kai matsayin wadda ta fito daga hukumar AGIS ba, komai yawan hatimin da ke jikinta.

Awon igiya

A Kano da Kaduna da Zariya da Katsina, kaso mai yawa na sababbin unguwanni gonaki ne da aka yanka aka sayar ba tare da tsarin hukuma ba, abin da aka fi sani da awon igiya. Takardar da ake samu ita ce ta ciniki, da sa hannun shaidu da mai unguwa, wani lokaci da dagaci.

Ba a ce duk gidan awon igiya haramtacce ba ne. Miliyoyin mutane suna zaune a irin waɗannan unguwanni lami lafiya. Sai dai hatsarinsu sananne ne: ana iya sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, ana iya cin hanya a matse lungu har mota ba ta shiga, kuma babu wurin da aka bari don magudanar ruwa ko makaranta. Idan gwamnati ta zo fitar da titi, gidan da ba ya cikin taswira shi ke fara samun jan fenti. Banki ma ba ya karɓar irin wannan takarda a matsayin jingina.

Jihohi da dama sun kafa hukumomin adana bayanan filaye a kwamfuta, irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna, kuma gwamnatin Kano ta ƙaddamar da aikin sabunta takardun mallaka a ƙarshen 2024. A waɗannan ofisoshi ana iya neman a binciki fayil, a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi, ko akwai umarnin kotu a kansa. Hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano, ita ke da bayanin ko an ba da izinin ginin da kuma ko wurin ya faɗa cikin hanyar da aka tsara. Kuɗin bincike da na lauya ƙalilan ne idan aka kwatanta da farashin gida, amma su ne mutane suka fi ƙyashin biya.

Gidan gado

Yawancin tsofaffin gidajen da ke fitowa kasuwa a cikin birni na gado ne, kuma sau da yawa su ne suka fi kyawun wuri da sauƙin farashi. Nan ma akwai tarko. Babban wa na iya kawo takardu ya ce shi ne wakilin kowa, alhali akwai ƙanwa da ke aure a wani gari ba ta san ana ciniki ba, ko marayu da ba su balaga ba, ko bashin mamaci da ba a biya ba.

A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke aiki da shi, akwai haƙƙin shufu'a. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da ikon mayar wa mai sayen kuɗinsa ya karɓi kason. Wanda ya sayi kason magaji ɗaya yana iya wayar gari an dawo masa da kuɗinsa bayan darajarsu ta faɗi.

Hanya mafi aminci ita ce a nemi takardar rabon gado daga kotu, a ga sunayen magada duka, kuma kowannensu ya sa hannu da kansa ko ta wakilin da aka tabbatar. Idan aka ce wani ba ya gari, a jira shi ko a kira shi a gaban shaidu.

Je ka duba da damina

A ranar 10 ga Satumbar 2024 ruwa ya ɓalle daga madatsar Alau ya mamaye Maiduguri, ya shiga Gwange da Fori da fadar Shehu da kasuwar Monday Market da asibitin koyarwa na jami'a. Shekara 30 kafin nan, a 1994, madatsar ta yi irin wannan ɓarna. A tsakanin waɗannan shekaru an yi ta gine-gine da cinikin gidaje a bakin kogin Ngadda. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma ambaliya ta hallaka sama da mutum 150 a Mokwa da ke jihar Neja.

Ambaliya ba ta tsaya a unguwannin talakawa ba. Rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a Abuja, inda ma'aikata suka sayi gidaje da miliyoyi, ruwa ya shanye gidaje sama da 100 a watan Yunin 2023, kuma ba shi ne karon farko ba. A Kano, kududdufai da dama da ke karɓar ruwan unguwanni an cike su da shara da ƙasa an yi gini a kai. Ruwan da ya saba taruwa a can sai ya nemi gidajen maƙwabta, ginin da aka ɗora a kan cikon kuma ya fara tsagewa.

Wannan ne ya sa gidan da aka duba a watan Fabrairu bai gama nuna kansa ba. Idan da hali, a koma bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Idan babu hali, a duba ƙasan katanga ta waje da ta maƙwabta: layin danshi da gishirin da ke cin bulo suna nuna iya inda ruwa yake kaiwa. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai abin tambaya ne. Haka ma idan daɓen tsakar gida ya fi titi ƙasa, ko maƙwabta duk sun ɗaga dokin ƙofarsu.

A ɗaga kai sama kuma. Ƙa'idar wutar lantarki ta hana gini a ƙarƙashin manyan layuka: faɗin mita 50 ga layin 330kV, mita 30 ga na 132kV, mita 11 ga na 33kV. Gidan da ke cikin wannan tazara yana da araha ne saboda dalili.

Kuɗin da ake biya bayan an tare

Farashin gida sau ɗaya ake biya, amma kuɗin zama a cikinsa kullum ne. A ɗauka wani ya sayi gida a bayan gari saboda ya fi na cikin gari sauƙi da naira miliyan 5. Idan zuwa aiki da kai yara makaranta zai ƙara masa naira 4,000 a rana, kwana 22 a wata, ya kashe sama da miliyan ɗaya a shekara. Cikin shekara biyar rangwamen ya ƙare, ban da lokacin da ake ɓatawa a hanya.

Ruwa ma haka. Akwai unguwannin da ake haƙa burtsatse a dace a kusa, akwai waɗanda ke kan dutse, inda mazauna suka dogara da 'yan garuwa shekara da shekaru. Wutar lantarki kuma ta rabu gida-gida: a watan Afrilun 2024, waɗanda ke rukunin Band A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, an ninka musu farashi kusan sau uku. A tambayi rukunin da layin yake, a kuma tabbatar babu tsohon bashin wuta a kan mitar.

Sai tsaro. A je unguwar da dare, a ga ko ana zirga-zirga bayan sallar isha'i, a ga gidaje nawa ne aka gama aka shiga, nawa ne kango. Mai shayi da mai kanti da limamin unguwa za su faɗi abin da dillali ba zai faɗa ba, domin shi la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa.

Yadda za a biya

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Ko ba don doka ba, tura kuɗi ta banki zuwa asusun mai gidan kansa, da sunan da ke jikin takarda, shaida ce da ba ta ɓata. Kada a tura wa dillali ko wani ɗan uwa, kuma kada a cika kuɗi sai an karɓi takardun asali da makullai.

Ga ma'aikata akwai hanyoyin da ba kowa ya sani ba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cire kashi 2.5 na albashin masu zubi, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba su bashi a kan kashi 6 har zuwa shekara 30. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta amince ma'aikaci ya yi amfani da kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa a matsayin kason farko na sayen gida. Masu guje wa kuɗin ruwa kuma suna iya tuntuɓar bankuna irin su Jaiz da TAJ. Sai dai duk waɗannan hanyoyi suna neman gida mai cikakkiyar takarda, abin da ya fitar da mafi yawan gidajen da talaka ke iya saya.

Laifin ba na mai saye kaɗai ba ne

Mutane ba don son ganganci suke cinikin biri a sama ba. Neman amincewar gwamna da rajistar takarda yana cin kuɗi da watanni, wani lokaci shekaru. Gwamnatoci ba sa yanka filaye masu tsari da saurin da birane ke faɗaɗa, don haka masu gonaki da dillalai suka cike gurbin. Sannan idan kowace sabuwar gwamnati za ta iya watsi da takardun wadda ta gabace ta, darajar takardar kanta tana raguwa a idon jama'a.

Gyaran yana hannun jihohi: a rage kuɗin rajista, a sa wa'adin da za a kammala ta, a buɗe taswirar filaye yadda mutum zai iya duba matsayin fuloti daga wayarsa, a kuma hana gini a hanyar ruwa tun ana haƙa tushe maimakon a jira sai an tare sannan a kawo katafila.

Kafin a kai can, kariyar da ta rage wa mai saye ita ce haƙuri. Bincike a ofishin filaye, zama da magada, tambayar maƙwabta da komawa bayan ruwan sama duk ba za su wuce 'yan makonni ba. Mai gidan da takardunsa ke da kyau ba ya jin tsoron a bincika. Idan kuwa aka ce Alhajin nan na gobe ba zai jira ba, to a bar masa.